Ranar da Igiyar Kawu Ovide Ta Ƙi Sauka

Kawu Ovide ƙanin mahaifiyata ne. Mai aski ne, shagonsa na kallon cocin garinmu a kudancin Luziyana. Duk namijin da ya girma a garin ya taɓa zama a kujerarsa, kuma duk wanda ya zauna ya san Kawu na tsoron ruwa. A wani wurin wannan ba abin magana ba ne, amma mu ruwa ne gabanmu, ruwa ne bayanmu. Yaro kan iya tuƙa kwale-kwale kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Shi kuwa ko gada zai haye da mota, sai ya ƙura wa kwalta ido, ya damƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa.

Mahaifiyata ta ce kakanmu ne sanadi. Ya ɗauke shi yana ƙarami ya wurga shi cikin rafi don ya koyi iyo, yadda aka yi masa shi ma. Sauran yara kan taso suna fantsama suna ihu. Ovide ya nutse kamar guduma, sai da gashin kai aka jawo shi. Tun daga ranar ake ce masa Muzuru, don mage ba ta shiri da ruwa, sunan kuma ya bi shi har furfura.

"Muzuru, gobe za mu shiga fadama, a ajiye maka wuri?" in ji masu zuwa aski.

"Ka ci gaba," in ji Kawu, yana goga kumfa. "Ni dai a wurinmu ba a tsokanar wanda ya ɗora maka reza a maƙogwaro."

Sai ga shi Allah ya haɗa shi da Eulalie, wadda muke kira Inna Lalie, macen da ba ta da magana sai ta kamun kifi. Ba ta sa tana ko gyare a ƙugiya kamar sauran mutane. Ƙwaron ƙarya take haɗawa da hannunta a kan teburin kicin, da guntun soso da gashin zakara da siraran robobi a matsayin ƙafafu. Ƙwaron ba shi da nauyin da za a jefa shi, don haka igiya mai kauri ake kaɗawa a iska, gaba da baya, ita ce ke kai shi inda ake so. Birim take kamawa, ɗan kifin nan mai faɗin tafin hannu, wanda ke shiga kasko daidai wa daida. Ta dawo da yamma da cikin bokiti, Kawu ya kankare, ya mulmula a garin masara ya soya. Haka suka rayu, ita a ruwa, shi a tudu, ba wanda ya taɓa jan wani.

Bayan Kawu ya rufe shago ya huta, ciwon suga ya cinye idon Inna Lalie. Haske da duhu kawai take bambancewa. 'Yarsu ɗaya tana aure can Texas, ni ce kusa da su, katanga ɗaya ta raba mu. Na ga yadda matar nan ta koma zama a baranda, hannu a cinya, kofinta na hucewa a gefe.

Da bazara ta shigo, wata ya kusa cika, sai ta ce masa, "Maigida, yanzu birim sun haƙa gurbi suna saka ƙwai. Kai za ka zama idona da hannuna."

"Lalie, ki nemi wani abin. Ki ce in yi wa kada aski ma na yarda, in dai a tudu ne."

Ba ta sake maganar ba. Amma wata safiya ya same ta da akwatin ƙwarinta a buɗe, tana shafa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, tana kiran launin kowanne ita kaɗai, tana kuskure. Ranar ya leƙo ta katanga, fuskarsa kamar wanda za a kai rataya, ya ce, "Noemie, gobe ki kai mu shagon Dudley."

Dudley ke sayar da kayan kamun kifi a bakin mashigar tafki, ƙato ne mai dariya kamar tsawa. Da ya ga wanda ya shigo, sai da ya dafa kanta.

"Muzuru a shagona! Yau kuma wa ya mutu?"

"Ni ne, saura a binne," in ji Kawu.

Tsohuwar sandar Inna Lalie ta gora ce, ta tsage, ga nauyi, shi kuma Kawu kafaɗarsa ta gaji da almakashi. Dudley ya miƙo wata doguwa mai kauri. Ta karɓa ta girgiza sau ɗaya ta mayar masa.

"Wannan ai ta jan saniya ce daga rami. Ba ni ƙarama, mara nauyi, wadda birim zai iya lanƙwasawa."

Ya kawo wata baƙa siririya irin ta zamani, ta kaɗa ta kusa da kunnenta, ta ce ta yi. Ta zaɓi igiya mai tasowa a kan ruwa, mai ruwan ɗorawa don Kawu ya riƙa ganinta. Abin naɗe igiya kuwa ta ce a ba su mafi arha, tunda birim ba ya gudu da mutum. Dudley ya zazzage ƙwari iri-iri a kan kanta, masu ƙyalli da masu gashi buzu-buzu, ta ture su gefe.

"Mai koyo ba ya bukatar kasuwa a aljihu. Akwai nawa a gida. Mai bakin kofi, wanda in ka ja shi yake cewa ɓul. Baƙin gizo-gizon soso mai farin ƙafa. Sai ɗan ƙaramin da ke nutsewa a hankali, don ranar da suka ƙi tasowa. Ƙugiya kuma ƙanana, bakin kifin nan bai fi maɓallin riga ba."

Kawu ya bar musu cinikin. Abu ɗaya ya ɗauka da kansa, rigar ceto mafi kauri a shagon, ya saka ta nan take ya ɗaure har wuya.

"Wannan ko jirgin ruwa ka ɗaura wa ba zai nutse ba," in ji Dudley.

A tsakar gida ya fara koyo, da guntun ulu a bakin siririn zaren da ke ƙarshen igiyar maimakon ƙugiya. Inna Lalie na zaune tana saurare. In igiyar ta yi ƙara kamar bulala, ta ce, "Ka yi gaggawa, jira ta miƙe a bayanka." In ta zube masa a ka, ta ji shirunsa ta gane. Ranar da aka ɗaura ƙwaro na gaske, ta sa shi ya danne ƙayar ƙugiyar da filaya, ya sa malafa da tabarau. Jifa na farko ƙwaron ya dawo ya buga gilashin tabaran, tas. Kawu ya zauna a ciyawa, ya daɗe bai tashi ba.

"Makaho ɗaya ya ishi gidan nan," in ji ta. "Kada ka kuskura ka cire su."

Ni na ja musu kwale-kwalen da mota ranar da suka shiga. Ɗan ƙarami ne na alminiyom, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ƙaramin inji a baya. Kawu ya sa ƙafa ɗaya ciki, abin ya yi tangal-tangal, ya janye. Sai da Dudley ya riƙe gefe ni na riƙe hannunsa. Leɓensa na motsi, addu'a yake. Inna Lalie ta ninke tata rigar ceton ta zauna a kai, ta ce katakon zaman na ci mata ƙashi. Na ce zan jira su a shagon. Abin da ya faru daga nan daga bakinsu na ji shi, sau da yawa, kowa da nasa.

Ta riƙa ba shi hanya da ka: ka bi gefen ciyawar ruwa, in ka ga itacen da ya karye ka yi hagu. Suka shiga wani lungu inda dogayen itatuwa ke tsaye cikin ruwa, gansakuka na reto a rassansu. Ruwan baƙi ƙirin kamar kofi. A bakin lungun ya ga kada kwance a kan gungume, ya fi rabin kwale-kwalen tsawo.

"Lalie, kada. Yana kallona."

"To ka gaishe shi. Kashe injin."

Ta ɗaga hanci tana shaƙar iska. "Ka ji ƙanshin kankana? Gurbinsu ke nan. Suna nan damanmu, kusa da kututture."

Ta laluba akwati ta ba shi gizo-gizon. Ya yi ta fama ya kasa zura zaren a ƙugiya, shi da ya shekara da shekaru yana bin bayan kunnen jarirai da almakashi. Jifansa ya faɗi a tattare, bai yi nisa ba.

"Bar shi nan. Jira ruwan ya kwanta. Ya kwanta? To, motsa shi kaɗan, kamar ƙwaro na shure-shure."

Ruwan ya buɗe da ƙara kamar sumba, gizo-gizon ya ɓace, sandar ta lanƙwashe. Kawu ya saki ihu, a zatonsa kadan ne. Inna Lalie ta yi dariya har da hawaye. Ya ɗora mata kifin a tafin hannu, ta shafa bayansa ta kwantar da ƙayoyin, ta ce namiji ne, mai jan ƙirji. Kawu ya ce rabonsa da jin wannan dariyar tun kafin idon ya tafi.

Suka yi ta kamu har rana ta take. Sai iska ta ɗauke cak, zafi ya danne, kwaɗi suka yi shiru. Ta tsakanin itatuwa ya hango gabas ta yi duhu.

"Lalie, hadari na haɗuwa."

"Kai ko murfin tukunya ya yi gumi sai ka ce hadari ne."

"Wannan na gaske ne."

"Na ji. Ƙara min guda biyu mu tafi."

Ba laifinta ba ne. Duk zamansu yana ce mata hadari, ana ƙarewa da rana tarwai. Ita kuma ba ta ji tsawa ba, ko guda. Ya kaɗa igiyar ya saki, jifa mai kyau, mafi kyau a ranar. Igiyar ta miƙe a kan ruwa, amma ba ta faɗo ba. Ta tsaya a lanƙwashe cikin iska kamar an rataye ta a ƙusa.

"Lalie," in ji shi a hankali, "igiyar ta ƙi sauka."

"Kamar yaya ta ƙi sauka? Ta maƙale a reshe?"

"Babu reshe. Tana nan a sama ita kaɗai."

Sai suka ji sandar na kuka a hannunsa, zzzz, kamar an rufe ƙudan zuma a kwalba. Gashin hannunsa ya miƙe. Ya dubi matarsa, ya ga farin gashinta ya tashi tsaye ta gefen ɗankwali, sili-sili. Fuskarta ta sauya, ta gane alamar aradu ce. Ya ce tunda ya aure ta bai taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma wannan ya fi komai tsorata shi.

"Saki sandar. Ovide, jefar da ita! Sunkuya!"

Yatsunsa suka ƙi buɗewa. Ta miƙe tsaye tana laluben iska don ta fizge sandar daga hannunsa. A nan ne aradu ta faɗo wa dogon itacen da ke gefensu.

Bai ji ƙarar ba, in ji shi. Fari kawai ya gani. Da ya dawo hayyacinsa yana kwance a ƙasan kwale-kwalen, kifaye na tsalle a fuskarsa, ɓawon itace na zubowa kamar ƙanƙara, ga warin ƙuna. Ya ɗaga kai. Rigar cetonta na nan a ninke a kan katako. Ita babu.

Ya kira sunanta, bai ji muryar kansa ba. Ruwan sama ya tsinke lokaci guda, iska ta taso ta fara jan kwale-kwalen waje. Sai ya hango ɗankwalinta, da bayan rigarta, tana kife cikin ciyawar ruwa, tazarar na ƙaruwa.

Ya sha gaya mana cewa bai yi wata jarumta ba. Ya tsaya yana kallon baƙin ruwan nan, yana kuka kamar yaro. Ya sa ƙafa ɗaya a gefen kwale-kwalen yana shawara, sai abin ya karkata ya zubar da shi. Ruwa ya rufe masa kai, ya shiga hanci. Rigar ta taso da shi. Yana ta shure-shure sai ya ji ƙafarsa ta taɓa laka. Ruwan iya ƙirji ne.

Ya taka, laka na riƙe takalmansa, har ya kai gare ta ya birkito ta. Bakinta a buɗe, goshinta na jini inda tsinken itace ya yanke ta. Ya ɗora ta a kafaɗa yana bubbuga bayanta, yana kiran Maryamu, yana kiran Yesu, yana kiran uwarsa da ta daɗe a kabari. Can ta yi tari ta amayar da ruwa. Ta fara dukansa, ba ta san ko wane ne ba.

"Ni ne, Lalie! Ni ne!"

Ba ta ji. Aradun ta toshe mata kunnuwa. Ga makanta ga kurumta, tana cikin ruwa, wani abu ya riƙe ta. Ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa. Ta shafa hancinsa, ta shafa gashin baki, ta taɓa tabaran da har yanzu ke maƙale a kunne ɗaya.

"Maigida!" ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Me kake yi a cikin ruwa?"

Kwale-kwalen ya tafi. Walƙiya na ta tsaga sama, duk tsagawa ɗaya sai ya dunƙule a kanta. Babu mai gaya masa hagu ko dama, wadda ta san hanyar ba ta san inda suke fuskanta ba. Ya tuna kadan. Ya duba gungumen da ke bakin lungu, ya ga wayam, babu komai a kai.

Ya ciro rigar ceton daga jikinsa ya saka mata ya ɗaure. Sa'an nan ya kama ta ta wuyan rigar ya fara ja, yana nufar inda itatuwa suka fi yawa, yana fatan tudu ne. Wani wurin ruwan ya sauka zuwa ƙugu, wani wurin ya hau har haɓa, ya ɗaga kai yana tafiya da kan yatsu. Saiwoyi na harɗe shi. Ana cikin haka wani abu mai kaushi, mai nauyi, ya gogi cinyarsa a ƙarƙashin ruwa ya wuce. Ya tsaya cak. Ya jira haƙora. Inna Lalie kuwa, da ba ta san me ake ciki ba, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ka ɗauko kifin?"

Ya ci gaba da tafiya.

Ni ina shagon Dudley lokacin da garin ya yi baƙi. Mun ji aradun, har kwalabe suka yi ƙara a kanta. Muna tsaye a ƙofa muna leƙen tafki ta cikin ruwan sama, sai ga kwale-kwalen ya fito fili yana juyawa, ba kowa a ciki. Dudley bai yi dariya ba ranar. Ya jira tsawar ta ɗan ja baya, ya tada injin jirginsa, na faɗa ciki ban tambaye shi ba.

Mun daɗe muna zagaya lunguna muna kira. A ƙarshe muka same su a kan wani dandamalin katako da maharban agwagwa suka bari. Inna Lalie na kwance sanye da ƙatuwar rigar, Kawu na zaune da singileti ya ɗora kanta a cinyarsa, ya danne yankan goshin da hannu. Haƙoransa na haɗuwa har muna ji daga nesa. Dudley ya miƙa masa hannu don ya shigo jirgi, Kawu ya dubi jirgin, ya dubi ruwan.

"Babu hanyar ƙasa?" ya tambaya.

"Babu, ɗan'uwa. Rufe idonka, ni zan ɗauke ka."

Haka aka yi, kamar jariri ya ɗauke shi.

An yi wa Inna Lalie ɗinki a asibiti, ta kwana biyu. Kunnen dama ya dawo, na hagu bai dawo ba har ta koma ga Ubangiji. Kawu ya yi makonni ba ya iya kai kofi baki sai ya zubar, kuma ko ƙofar mota aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Sandar ba a gan ta ba. Kifayen da suka rage a kwale-kwalen ni na soya, na kai mata gadon asibiti a ɓoye cikin jaka, ta cinye tas ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Bai sake shiga jirgi ba. Amma wani manomi ɗan cocinmu yana da ɗan kududdufi a bayan gonarsa, mai tsaftataccen baki, ba itace ba kada. Nan suka koma zuwa da sabuwar sanda, ita a kujera, shi tsaye nesa da bakin ruwa yadda igiyar za ta kai da ƙyar. Da gajimare ya gifta ya fara naɗe kaya, ita kuma ba ta ƙara yi masa musu ba. Da yatsunta suka daina iya ɗaure gashi a ƙugiya, shi ya karɓi teburin kicin. Hannun mai aski ne, ƙwarinsa sun fi nata kyau, ko da yake ba ta taɓa yarda ba. Ranar Lahadi bayan an tashi coci yakan raba su ga duk mai so, tare da dogon gargaɗi a kan hadari wanda ba mai saurara har ƙarshe.

Abu ɗaya ne ba su taɓa daidaitawa a kai ba, wato abin da ya goge shi a ƙarƙashin ruwa. Shi ya ce kadan ne, ya ji ɓawon bayansa. Ita ta ce gungume ne, da kada ne da yanzu ita bazawara ce. In ya ce ai ba ta gani ba, ta ce shi ma bai gani ba. Ni ban san gaskiya ba. Na dai wanke wandon da ya sa ranar, kuma a yage yake daga cinya har gwiwa.